Nasiha Ga Matasa Masu Tara Tsofaffin Lofe

Ƙannena, duk wanda ya sa kansa a harkar tara kayan da, ko tsofaffin kuɗi ne, ko kan sarki, ko agogo, tambaya ɗaya ce take fara zuwa bakinsa idan an miƙo masa kaya: shekarar wannan abu nawa? Mai sayarwa kuwa ba ya rasa amsa. Zai ce na kakan kakan wani Bature ne, ya haura shekara ɗari, irinsa ya ƙare a duniya. Masu tara lofe a Turai da Amurka da Japan sun sha jin wannan zance har suka gaji, suka koyi karanta shekarun lofe a jikinsa. Yau abin ya zama ilimi mai zaman kansa. An rubuta littattafai a kai, akwai gidan tarihi na lofe a Amsterdam, akwai wani na lofe da lu'ulu'u a garin Saint-Claude na Faransa. Nasihata gare ku ita ce ku koyi wannan karatu, kuma kada ku taɓa yanke hukunci da alama ɗaya tak, kome kyanta.

Kafin mu yi nisa, tara lofe daban, shan taba daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 a kowace shekara, kuma ta lofe ba ta fita daga lissafin ba, don tana jawo sankarar baki da ta maƙogwaro da ta huhu. Abin da ya kawo mu nan shi ne aikin hannun magabata da tarihin da ke jikinsa. Ku ajiye lofe a kan kanta, ku bar wa huhunku iska mai tsabta.

Lofe gaɓa uku ne: tukunya inda ake zuba taba, wuyan da ya fito daga jikinta, sai bututun baki da ake cusawa cikin wuyan. Wani lokaci akwai zoben azurfa a mahaɗar wuya da bututu. Kowace gaɓa tana da abin da za ta faɗa. Dillalin kirki a kasuwar dabbobi ba ya ɗaukar shekarun rago daga bakin mai shi, buɗe bakin ragon yake yi ya duba haƙora, sannan ya dubi ƙaho da kofato ya ga ko sun yarda da abin da haƙoran suka ce. Haka za ku yi wa lofe. Ga kuma ƙa'idar da duk sauran suka rataya a kanta: lofe ba zai girmi abu mafi sabunta da aka ƙera shi da shi tun asali ba. Idan alamomi tara suka ce 1900, ta goma ta ce 1950, kuma kun tabbata ta goman ba gyara ba ce, to ita ce da gaskiya.

Ku fara da abin da aka yi shi da shi. Mafi tsufan lofen Turawa na farin yumɓu ne, an fara yin sa a Ingila a ƙarshen ƙarni na 16, garin Gouda na Holan kuma ya yi suna a kansa daga baya. Sai na farin dutsen nan mai laushi da rashin nauyi, mirsham, wanda ake haƙowa a kewayen Eskişehir ta Turkiyya, masassaƙan Vienna kuma suka yi fice wajen sassaƙa shi a ƙarni na 19. Na itace da kowa ya fi sani ana yin sa da kututturen saiwar biraya, wani ɗan itace da ke fitowa a ƙasashen gaɓar Bahar Rum, irin su Aljeriya da Italiya da Girka da tsibirin Corsica. Masu sana'ar Saint-Claude ba su kama aiki da wannan saiwa ba sai wajen shekarun 1850. Don haka duk wanda ya miƙo muku lofen biraya ya ce na zamanin Napoleon ne, wanda ya rasu a 1821, ku gode masa ku wuce. Ba ku buƙatar duba wani hatimi.

Lofen yumɓu shi ne ya fi koya wa mutum haƙuri. Na farkon farko tukunyarsa ƙarama ce ƙwarai, da kyar take ɗaukar kan ɗan yatsa, saboda taba tana da tsada a lokacin. Da gonakin Virginia suka cika kasuwa da ita, farashi ya sauka, tukunyar ta dinga girma. A 1954 wani mai binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa a Amurka, J. C. Harrington, wanda ya yi aiki a Jamestown, ya lura cewa ramin da ke cikin bututun lofen Ingila yana ƙara tsukewa da tafiyar zamani. Ya raba inci ɗaya gida 64 ya auna. Daga 1620 zuwa 1650 yawancin ramukan kashi 8 ne, daga 1650 zuwa 1680 kashi 7, daga 1680 zuwa 1710 kashi 6, daga 1710 zuwa 1750 kashi 5, daga 1750 zuwa 1800 kashi 4. Awon ba shi da wuya: ana jera bakin abin huji daga ƙarami zuwa babba, a dinga cusa gindinsu a hankali cikin ramin har a sami wanda ya zauna daram.

Daga baya Lewis Binford ya mayar da wannan lissafi: a ninka matsakaicin awon da 38.26, a cire abin da aka samu daga 1931.85. Idan matsakaicin ya kama 6, amsar za ta faɗo wajen 1702. Lissafi ne mai daɗi, kuma a nan ne matashi yake zamewa. An gina shi ne don ɗaruruwan gutsattsarin da aka tono a wuri ɗaya, na lofen Ingila, kuma yana rasa ƙarfinsa idan aka matso ƙarshen ƙarni na 18. Maƙeri ɗaya yana iya amfani da waya mai kauri yau, gobe ya ɗauki siririya. Wanda ya auna guntun bututu ɗaya ya ce ya gano shekararsa, ya ɗora wa lissafin kayan da masu shi ba su ɗora masa ba.

A nan ne labarin ya taɓo yankinmu. Taba shukar nahiyar Amurka ce, ba ta iso Afirka ta Yamma ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 16, kuma a farkon ƙarni na 17 malamai irin su Ahmad Baba na Timbuktu suna ta rubutu a kan hukuncinta. Shi ya sa masu tonon kayan tarihi, idan suka ci karo da lofen taba a wani hawa na ƙasa, suke ɗauka cewa hawan bai wuce wajen 1600 a tsufa ba. A Ghana, Paul Ozanne ya jera lofen yumɓu na Accra da Shai bisa sauyin siffarsu tun a farkon shekarun 1960. Irin waɗannan ba su da hatimin kamfani, darajarsu tana ga sanin inda aka same su da abin da ke kwance tare da su. Wanda ya tone kufai ya ciro lofe ya sa a aljihu ya kashe wannan shaida har abada. Ban da haka, a Najeriya doka ta sa kayan tarihi ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ba a tono ko fitar da su waje sai da izininta.

Bayan kayan ƙira, sai ku nemi sunan ƙasa. Ƙasashe suna sauya suna, hatimi kuma yana bin su. Dokar haraji ta McKinley da Amurka ta yi a 1890 ta wajabta rubuta ƙasar asali a jikin kayan da ake shigowa da su, daga 1891. Shi ya sa lofen yumɓu na kamfanin McDougall mai ɗauke da "Glasgow" kawai galibi ya girmi mai ɗauke da "Scotland". Wanda aka buga wa "West Germany" ba zai riga 1949 ba, wanda aka buga wa "Czechoslovakia" kuma yana tsakanin 1918 da 1992. Kamfanin Peterson na Dublin ya fi kowa sauƙaƙa wa mai koyo, don tarihin Ailan gaba ɗaya yana kwance a wuyan lofensa. "Irish Free State" na nuna shekarun da suka biyo bayan 1922. "Eire" ya shigo bayan tsarin mulkin 1937. "Republic of Ireland" kuwa ba zai yiwu ba kafin 1949, shekarar da ƙasar ta zama jamhuriya. Sai dai ku lura, hatimi yana faɗin lokacin da ba za a wuce baya da shi ba ne. Masana'anta takan ci gaba da buga tsohon ƙarfe har ya lalace, ko ta ajiye tukwane a sito shekaru kafin ta ƙarasa su.

Zoben azurfa shi ne abin da mai tara lofe ya fi murnar gani, kuma ya cancanci a zauna a kansa. Ku samo madubin ƙara girma mai ninki goma, ku fita hasken rana, ku juya zoben sannu a hankali. Idan na Birtaniya ne za ku ga 'yan ƙananan hatimai a jere, kowanne bai fi ƙwayar gero ba. Zaki mai tafiya, ƙafa ɗaya a ɗage, shi ke shaida cewa azurfar kashi 925 ce cikin 1000. Na biyu yana faɗin garin da aka gwada ta: kan damisa Landan, ƙugiyar jirgin ruwa Birmingham, kambi Sheffield kafin 1975, damin alkama uku da takobi Chester, wadda aka rufe ofishinta a 1962. Na Dublin abin kiɗa ne mai tsirkiya da yawa da kambi a kansa, tare da hoton wata mace a zaune. Sai haruffan sunan maƙerin, sai kuma harafi guda shi kaɗai, wanda shi ne shekara.

Wannan harafi yana sauyawa duk shekara, idan an kai ƙarshen haruffa a sake dawowa farko da sabon salon rubutu da sabon gidan da aka zana shi a ciki. A Birmingham an fara zagaye da harafin farko a 1900, an sake a 1925, an sake a 1950. Wato wanda ya ce "na ga A" bai ce komai ba tukuna. Ƙarami ne ko babba? A tsaye yake ko a karkace? Gidansa mai kusurwa ne ko mai lanƙwasa? Sai an ɗora shi a kan jadawalin garin da ya dace, don kafin 1975 kowane ofishi da nasa jerin, harafin Landan na wata shekara ba shi ne na Chester ba. Kama da wane ba ta wane. Bayan kun sha wannan wahala kun sami shekara, ku tuna shekarar zobe kuka samu. Masu gyara sukan sa zobe don ɗaure wuyan da ya tsage, wani lokaci tsohon zobe a sabon lofe, wani lokaci sabo a tsoho. Ku duba ko zoben ya rufe wani sashe na rubutun da ke kan itacen, ko akwai siririn tsagu da ya leƙo daga ƙarƙashinsa. Idan akwai, zoben baƙo ne a gidan.

Wasu kamfanoni sun yi wa masu zuwa baya alheri ba da niyya ba. Alfred Dunhill ya buɗe shagon taba a titin Duke na Landan a 1907, ya fara ƙera lofe a 1910. A farkon shekarun 1920 ya soma buga wata 'yar lamba da ke nuna shekara, saboda yana ba da garanti na shekara ɗaya kuma yana so ya san ranar da garantin zai ƙare. Lambar takan zo bayan kalmomin "Made in England". Ga yadda take ruɗar mai gaggawa: a ce kun ga 15. Idan akwai lambar rajistar ƙirƙira a jikin lofen, ana ƙara 15 ne a kan 1920, a sami 1935. Idan babu, ana ƙara ta a kan 1960, a sami 1975, domin kamfanin ya daina buga lambar rajistar bayan 1954. Lamba ɗaya, tazarar shekara 40, kuɗinsu kuma ba ɗaya ba. Haka 5 zuwa 9 marasa lambar rajista suna iya zama na shekarun 1950 ko na 1960, sai an dubi girman lambar a gwada da harafin da ke gabanta. Wani lokaci ma lamba biyu za ku gani, ta shekarar ƙira da ta shekarar da aka sayar.

Sauran kamfanoni ba su ba da shekara kai tsaye ba, sai dai zamani. Masu tara Barling suna raba shi gida biyu, na lokacin da iyalin ke riƙe da masana'antar da na bayan an sayar da ita a farkon shekarun 1960, suna gane bambancin a salon rubutun suna da tsarin lambar siffa. A tsohon Comoy's harafin C da ke kan bututu dasa shi aka yi da gutsattsari uku, na baya kuwa buga shi kawai aka yi. GBD na da yana da 'yar alamar tagulla da aka nutsa cikin bututu. Ba wanda ke haddace waɗannan duka. Ku zaɓi kamfani ɗaya ko biyu, ku nemi tsofaffin kundayen tallarsu, ku san siffar da suka fito da ita da shekarar da ta fara bayyana. Matambayi ba ya ɓata.

Bututun baki shi ne gaɓar da ta fi yawan yaudara, don shi ake cizo, shi ke karyewa, shi ake sauyawa. Na da can ana yin sa da ƙaho, ko ƙashi, ko daskararren ƙaron nan mai ruwan zuma. Baƙar roba mai tauri ta samu ne bayan Charles Goodyear ya yi rajistar hanyar dafa roba a 1844, ɗan'uwansa Nelson kuma ya yi ta mai taurin a 1851. Ana gane ta da yadda rana ke mayar da ita ruwan ƙasa mai kore-kore, in an goga ta da yatsa har ta yi ɗumi kuma a ji warin farar wuta. Filastik mai ƙyalli da ba ya dusashewa bai yaɗu ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ku leƙa ƙarshen da ake sawa a baki: ɗan rami zagayayye galibi aikin kafin shekarun 1920 ne, tsaga mai faɗi ta fi yawa bayan nan. Sannan ku shafa mahaɗar da yatsa. Bututun asali tare aka goge shi da wuyan, yatsa ba ya jin tudu. Farin ɗigon nan da Dunhill ke sawa a lofensa a kan bututu yake, kuma mai gyara yana iya dasa irinsa a cikin awa guda. Kada ɗigo ya sa ku buɗe jaka.

Kada kuma datti ya ruɗe ku. Baƙin gawayin da ya taru a cikin tukunya yana nuna yawan amfani ne kawai. Mutum yana iya ƙona lofe cikin shekara biyu, wani kuma ya kwana shekara 80 a aljihun tebur ba a taɓa kunna shi ba, ya fito fes. Mirsham yana rinewa daga fari zuwa ruwan zuma zuwa ja mai duhu idan an daɗe ana amfani da shi, amma akwai masu rina shi da gangan tun daga shago. Akwatin fata da lofe ya zo a ciki shaida ce mai kyau idan lofen ya kwanta a ciki daidai wa daida, ba ya motsi, murfi kuma yana rufuwa ba tilas. Idan yana rawa a ciki, sunan shagon Vienna da ke jikin murfin na wani lofen ne da ya riga ya ɓace.

Idan lofe ya zama naku, ku ji tausayinsa. Sha'awar ganin ƙyalli ta sa matasa da yawa sun ɗora tsohon lofe a kan injin gogewa, cikin minti kaɗan suka share hatimin da ya tsira shekara ɗari. Garin neman gira an rasa ido. Ku ɗauki hoton kowane rubutu kafin ku taɓa komai. Hatimin da ya dusashe yakan fito idan aka haska shi da tocila daga gefe, a kwance, yadda inuwa za ta faɗa cikin ramukan haruffa. Ku share da tsumma mai laushi, ku nisanta shi da rana da damshi. Ku buɗe littafi, kowane lofe da shafinsa: inda kuka same shi, nawa kuka biya, abin da aka rubuta a kowane gefe harafi da harafi, abin da kuka tabbatar da abin da kuke zato, kowanne a layinsa.

Mafi yawan lokaci ba za ku sami shekara guda ba, tazara za ku samu, kuma wannan ba kasawa ba ce. Wanda ya ce "tsakanin 1922 da 1938, bututun kuma an sauya shi" ya fi wanda ya bugi ƙirji ya ce 1925 ilimi. Ranar da za ku sayar, ku faɗi abin da kuka sani yadda kuka san shi, ku nuna tsagun da ke ƙarƙashin zobe kafin mai saye ya gano da kansa. Masu wannan harka ba su da yawa, sun san juna, kuma wanda aka kama da ƙara wa kaya shekaru sau ɗaya, da wuya a sake yarda da maganarsa ko da ya faɗi gaskiya.

Don haka, ƙannena, ku duba kayan ƙira, ku duba sunan ƙasa, ku karanta zobe, ku karanta hatimin kamfani, ku shafa bututu, sannan ku tambayi wanda ya riga ku. Inda shaidu suka haɗu, ku tsaya a nan. Inda suka saɓa, ku bar kuɗinku a aljihu har gaskiya ta fito. Allah Ya ba ku haƙurin bincike, Ya tsare ku daga cuta da cutarwa.